Ƙullin Fata a Cikin Jan Hannu

Ku da kuke zama a bencin mai cajin waya kuna leƙen rumfata, na ji abin da ɗayanku ya faɗa ranar kasuwar da ta wuce. Cewa ya yi, “Wannan ai ba sana'a ba ce, waya kawai zai soka a rami gem ya kawo.” Ban tanka ba, don a lokacin akwai sukurori a bakina, kuma na taɓa haɗiye ɗaya garin mayar da magana. Amma na gane mai maganar, mai jar hular nan da ke tauna rake kamar sun yi faɗa da shi. Saboda shi na zauna na rubuta wannan. Ku yi haƙuri da rubutun. A aji uku na firamare ni da malaminmu muka dubi juna, muka ga babu wanda zai ƙaru da wani, muka rabu lafiya. Sunana Sule, amma in kun nemi Sule a kasuwar Kafin Maiyaki wajen mai tsire za a kai ku. Ku ce Baba Dalma.

Rediyon farko da aka bari na sa wa hannu ta wani mai haƙar kuza ce a Riruwai, a shagon maigidana Malam Tanko mai gyaran rediyo. Mutumin ya ajiye ta ya ce, “Wallahi Malam, haka kawai ta yi shiru. Ko bayanta ban taɓa buɗewa ba.” Ni kuwa na gyaɗa kai, don na ga dattijo ne mai gemu. Da ya fita sai Malam Tanko ya juya rediyon ya nuna mini kawunan sukurorin, duk sun ci wuƙa sun kwailaye. Muka buɗe muka tarar da tsinken ashana, da ƙaro, da wata waya da aka ƙulla kamar ana ɗaure akuya. Malam ya ja kunnena a hankali ya ce, “Sule, mai kaya zai yi maka ƙarya, kayan ma zai yi maka ƙarya. Mita kawai za ka tambaya, ita ba ta san ka ba balle ta ji kunyarka.” Tun daga ranar, in mutum ya fara da rantsuwa sai in fara duba sukuru.

Kayan aikinmu a lokacin ba su cika jaka ba. Ƙarfen soda, wanda ake narka dalma da shi a liƙa waya, a kaskon gawayi muke gasa shi, ni ne mai fifita. Akwai dalma, da mita mai allura, da tsohon buroshin haƙori, da ƙaramar sukundireba da Malam ya wasa daga sifokin keke. Sai wata dabara tasa da na ɗauka ban san za ta kusa kore ni daga kasuwa ba wata rana. In wani abu ya yi sako-sako a cikin rediyo, batir ne ko fanel, wato faifan da ƙananan kayan ciki suke manne a kai, sai ya yanko robar tsohuwar silifa, ya naɗe ta da guntun fata don kada ta zame, ya ɗaure da zare, ya cusa a matsayin matashi. Yakan ce roba tana turawa, fata tana riƙewa. Badukai na maƙwabtaka da mu, guntayen fata ba sa yankewa. Haka na koya, haka nake yi, ban taɓa tsayawa na dubi kamannin abin ba.

Hannun gem na farko da na buɗe, bayan na dawo Kafin Maiyaki na kafa rumfata ne. Lokacin injinan gem masu cin kaset sun shigo, na sayi biyu na haɗa da talabijin mai ƙaton ƙeya, yara suna layi. Injin bai cika ciwo ba, hannu ne ke shan wahala. Wuri biyu yake mutuwa. Na farko a wuya, inda waya ta fito daga jikinsa, don mai wasa yana jan ta kamar linzami. Na biyu a ƙarƙashin madanni, inda wata 'yar roba mai baƙin ɗigo take taɓa fanel. In ɗigon ya cinye, ko ka danna da guduma ɗan damben da ke cikin talabijin ba zai ɗaga hannu ba. Sai ka wanke fanel da sipirit, ka yanko ƙyallin takardar shayi daidai ƙwayar gero, ka manna a wurin. Kuma kowane mai kawo gyara cewa yake, “Baba, haka kawai ya daina.” Ni kuwa ga shatin haƙori ina gani a jikin wayar.

Shekarar da ta ƙi mu, abubuwa ne suka haɗu. Wayoyin hannu suka zo da nasu wasannin, aka buɗe gidan kallon ƙwallo a bakin tasha, yara suka watse. Da damina kuma aka yi wata tsawa da ta bi wayar wuta ta gasa injinana duka biyun, har ƙauri ya kai rumfar mai shayi. Na shiga Kano neman wasu, masu shaguna suka dube ni kamar na zo sayen fitilar aci-bal-bal. Kaset ma babu. Abin da ya rage mini buhu guda ne cike da hannaye, nawa da na mutanen da suka kawo gyara ba su dawo ba, marayu babu uwa. Na rufe rumfa na bi surukina noman shinkafa a bakin ruwan Tiga. A nan na gane tsuntsaye ma sun san wanda ba manomi ba ne, don gonata suke fara yi wa sallama. Uwargidana ta yi ta neman buhun nan ta zuba masara, ni kuma ina hana ta, ba don na san amfanin abin da ke ciki ba, taurin kai ne kawai. Daga baya na dawo rumfa ina gyaran tocila da rediyo da fanka, ina lallaɓawa.

Wata Laraba ce Malam Nasiru mai kemis ya zo daga Bebeji a kan babur. Tun yana ɗan makaranta yake zuwa buga gem a wurina, yanzu har ya fara furfura. Ya gaishe ni, ya zaro wani abu daga aljihu a naɗe da hankici. Ɗan allo ne kore, bai cika tafin hannu ba, da ramuka a gefe da jerin haƙoran ƙarfe kamar mataji.

Na ce, “Malam, wa ya yi wa wannan fashi? Ina sauran jikinsa?”

Ya ce, “Baba, ba a cire shi daga jikin komai ba. Kwamfuta ce sukutum, haka ake sayar da ita.”

“Kwamfuta ba riga ba wando?”

“Ita ce. Tana kwaikwayon tsofaffin injinan nan naka. Wasannin kuma duk suna cikin wannan.” Ya nuna mini memori bai kai farcena ba.

Na matsa da kujerata baya. Ni a zatona irin na'urar nan ce da ake cewa tana kwashe wa mutane sirrin waya. Na ce masa in abin hukuma ne ya kai shi wata rumfar, ni na tsufa da tsallen kwaɗo. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya jona ta a talabijin ɗina, sai ga wasan damben nan da na ɗauka ya ƙone tare da injina. Kiɗansa ma bai canza ba. Ya ce shi ya iya zuba wasanni da saita ta, amma sabon hannun da ya sayo bai yi masa ba, babban yatsansa tsohon hannu ya sani. Ko ina da ko guda ɗaya? Na tashi na jawo buhun nan. Da na dawo gida na ba uwargida labari, ta ce to yanzu a ba ta buhunta.

To ku buɗe kunne, ku masu cewa soka waya ne. Bakin tsohon hannu daban, ramin allon nan daban, ba su taɓa gaisawa ba. Hanya biyu ce. Ko ka sayi adafta, wadda za ta karɓi tsohon baki ta mayar da shi mai faɗi irin na caja, ko ka yanke kan wayar ka kai kowane sili kan haƙorin da ya dace a jikin allon. Da adafta muka fara, kuma ta yi aiki. Amma ina kallo na ga in Malam ya danna, ɗan damben sai ya ɗan yi tunani kafin ya yi tsalle. Kaɗan ne ƙwarai, bai kai ƙiftawar ido ba. Malam ya ce idona ne, na ce a sake. Muka yi ta gwadawa har shi ma ya ce yatsansa ya ji. Ba kowace adafta ce haka ba, amma ta kasuwarmu ba ka san wadda ka sayo ba sai ta kunyata ka. Daga nan na kafa wa kaina doka: hannu biyu da za a kara da su, hanya ɗaya za su bi. Ba na kai ɗaya kan haƙori in bar ɗaya a adafta, don wannan zalunci ne da ba ya barin shaida.

Ka yanke wayar irin hannun da na fi amfani da shi, za ka ga sili biyar. Ɗaya na kai wuta, ɗaya na dawo da ita, ɗaya na ɗauke da saƙon abin da aka danna, biyun da suka rage su ne makaɗa, su ke gaya wa hannun lokacin da zai yi magana. Kada ka yarda da launi. Na ga hannun da jar wayarsa ce mai wuta, na ga ɗan'uwansa sak, kwali ɗaya, wanda jar ce mai saƙo. Masu yin na kwaikwayo duk launin da ya rage a masana'anta shi suke zubawa. Sai ka buɗe hannun, ka ɗora mita, ka bi kowane sili daga fanel har ƙarshensa. Sannan a jikin allon akwai haƙori mai wuta biyar, akwai mai uku da ɗoriya, suna zaune kusa da juna kamar 'yan gida ɗaya. Ka ba hannu mai biyar, saƙon da zai dawo ya fi ƙarfin allon, sai ka ji shiru, kuma ba ya tashi. Malam Nasiru ya zana mini haƙoran a jikin kwali, ni kuma na bi na ɗiga jan farcen uwargida a kan wanda ba a taɓawa.

Bayan soda kuma akwai gabatarwa. In ka kunna, allon zai tambaye ka da Turanci ka danna sama, ka danna ƙasa, hagu, dama, har ya san kowane madanni. Ni Turancina ya tsaya a sannu da zuwa, don haka haddace jerin na yi kamar karatun allo. Ranar da na tsallake ɗaya, mai wasa ya danna naushi, ɗan damben ya durƙusa kamar zai gai da surukai. Duk wannan ne kuke kira soka waya.

Malam ya taimaka na samo nawa allon, na sa masa gida a cikin gwangwanin alawa mai ramukan shan iska, na jona da batirin sola. Rumfa ta farfaɗo, amma ba da yara ba. Yaran da ne suka dawo da gemunsu: 'yan acaɓar tasha, da masunta masu kawo kifi daga Tiga ranar kasuwa, da wani Bafulatani mai sayar da shanu da ba ya buga komai sai tseren mota. Dokar rumfata tun zamanin kaset ita ce, wanda ya ci ya zauna da hannunsa, wanda aka ci ya tashi. Hannayen biyu ne, baƙi da wani da na naɗe wuyansa da jan salatif, ake ce masa jan hannu.

Jan hannun nan ya taɓa zuwa mini da ciwo. Ginshiƙin robar da ke tallafe fanel daga ciki ya karye, fanel ya lotsa, madannin shuri ba ya kaiwa. Na yi masa irin ta Malam Tanko: robar silifa, guntun fata daga wajen Mamman baduku, zare, na cusa a bayan fanel na ɗaure sukurori. Ya dawo garau, na manta da maganar.

Gwanin 'yan acaɓa shi ne Ilu, siriri, ɗan garin Ba'awa, ba ya magana in yana wasa sai dai ya fito da harshe. Gwanin masunta kuma Garba, ƙato mai murya, wanda in ya danna madanni sai benci ya motsa. Ilu ke riga kowa zuwa, ya ɗauki jan hannu, kuma tunda ba a cin sa, ba ya sakin sa. Ranar kasuwa masunta su shigo ɗaya bayan ɗaya, su tashi ɗaya bayan ɗaya, 'yan acaɓa na yi musu waƙar kifi ya faɗa tarko. Na fara jin ƙus-ƙus. Wani ya ce jan hannun ya fi nauyi. Wani ya ce ya ga ina yi masa magana da safe. Gaskiya ne ina yi masa magana, amma zagi ne.

Ranar da abin ya fashe, Ilu ya kwantar da Garba a jere har masunta suka daina kallon talabijin suka koma kallon hannun.

Garba ya ce, “Ba ni wannan in gani.”

Ilu ya ce, “Ka ci ni tukuna, ɗan ruwa.”

“Ba ni, na ce!”

Ya fizga, Ilu ya riƙe, hannun ya kuɓuce musu ya daki siminti, bayansa ya tsage. Sai ga ƙullin fata, baƙi, ɗaure da zare, ya gangaro ya tsaya a tsakiyar ƙafafun jama'a. A ranar na fara ganin abin da idon wani. Wallahi ni kaina da a bakin hanya na tsince shi, tsallake shi zan yi.

Bafulatanin nan ya ce, “Subhanallahi,” ya ja da baya har ya taka tiren mai gyaɗa. Garba ya nuna ni da yatsa. “Laya! Na faɗa muku! Tsohon nan ya ɗaure mu!”

Na ce, “Garba, silifa ce.”

Ya ce, “Silifa a ƙafa take, Baba.”

Babu wanda ya yarda ya taɓa ta da hannu. Da tsinke biyu aka ɗauke ta aka kai wa Sarkin Kasuwa, shi kuma ya sa aka rufe rumfata. Ya ce ranar kasuwa mai zuwa za a zauna, in ta tabbata asiri nake binnewa a cikin abin da jama'a ke riƙewa, to in nemi wata kasuwar. A 'yan kwanakin nan na ga abin mamaki. Masu tocila da rediyo suka yi ta zuwa gida suna karɓar kayansu ba a gyara ba, wani har a gabana ya girgiza rediyonsa a kunne. Matan 'yan acaɓa kuma suka ce yanzu suka gane abin da ke riƙe mazajensu a rumfata har la'asar babu cefane. Ilu ma da nake zaton nawa ne, sai ya fara kewaye ni, don an ce masa ba shi ke ci ba, laya ce.

Aka zauna a gindin darbejiyar da ke gaban rumfar Sarkin Kasuwa. Na ɗauko talabijin da allo da hannayen biyu. Malam Nasiru ya rufe kemis ya zo. Aka fara kiran Mamman baduku.

Sarki ya ce, “Mamman, ka san wannan?”

Mamman ya leƙa daga nesa ya ce, “Ranka ya daɗe, fatar tawa ce, zaren ma nawa ne. Amma abin da ke ciki, Allah shi ne masani.” Mutumin da muke shan shayi tare kullum ke nan.

Aka rasa mai yankawa, sai da wanzami ya yi bisimilla ya sa aska. Fata ta buɗe, sai ga shuɗiyar roba, har da shatin diddige. Wasu suka fara dariya, na fara gyara zama. Garba ya ce, “Ranka ya daɗe, ai ba a nan take ba. Rubutu ake yi a wanke, a jiƙa robar a ciki ta sha. Wa zai gani?” Dariya ta tsaya. Kawuna suka fara gyaɗawa.

Sarki ya ce, “To abu mai sauƙi. A rufe hannun babu ita, su sake bugawa. In roba ce kawai, Ilu zai ci kamar kullum.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, in babu ita madannin shuri ba zai...”

Garba ya ce, “Kun ji ko? Ya fara!”

Aka rufe, aka buga. Ilu na danna shuri, ɗan dambensa na tsaye kamar mai jiran mota. Garba ya yi masa dukan sakwara. Masunta suka ɗauki ihu, har masu awon masara suka baro buhunansu. Malam Nasiru ya miƙe yana bayanin ginshiƙi da fanel, yana kwatance da hannu, babu mai jin sa. Na ga Sarki ya sunkuyar da kai yana shafa gemu, irin shafar da ake yi kafin a sallami mutum.

Ni ma kaina na ƙasa, kuma a nan idona ya sauka a kan ƙafar Garba. Sabuwar silifa ce, mai kauri, ruwan ɗorawa.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ina roƙon abu ɗaya. Tawa robar an ce ta sha rubutu. To ta Garba fa, ta sha?”

Garba ya ce, “Allah ya kiyaye. Jiya na saye ta.”

“To ya yanko daga tasa, ya naɗe da abin da ya ga dama, ya saka da hannunsa. Ni zan koma can in juya baya. Sannan a ba shi jan hannun, Ilu ya riƙi baƙin.”

Garba ya dubi silifarsa, ya dubi jama'a. Masunta suka ce, “Yanka mana! Tsoron me kake ji?” Ba yadda ya iya. Ya karɓi askar wanzami ya yanko diddigen ta hagu. Fatar Mamman kuwa ya ce ba ya so, ya yago tsumman da yake rufe kwandon kifinsa ya naɗe da shi. Ina tsaye fuskata na kallon katangar masallaci, hannuwana a baya kamar ɗan makarantar da ya makara, ina faɗa masa, “Bayan fanel, daidai inda ya karye. Kada ka matse sukurun da yawa, ba kwalekwale ba ne.”

Aka kunna. Garba ya danna shuri, ɗan dambe ya yi shuri. Ya sake, ya sake yi. Wani daga baya ya ce, “Kai, silifar Garba ma tana ci!” Sannan aka fara, Garba da jan hannu da silifarsa a ciki, Ilu da baƙi. Ban ga wasan ba, katanga nake kallo, amma na ji benci na ƙara, na ji numfashin Garba, sannan na ji 'yan acaɓa sun ɗauki waƙar kifi. Garba ya ce bai shirya ba, a sake. Aka sake, waƙar ta dawo.

Da na juyo, Sarkin Kasuwa na goge hawayen dariya da bakin rawaninsa. Ya ce a buɗe mini rumfata yau ɗin nan. Ya ce kuma daga yau a rumfar Baba Dalma, ko wa ya ci, in an gama zagaye a yi musayar hannu. Na ce na karɓa, kuma da na yi wannan tunanin tun da, da Garba bai yi asarar diddige ba.

Garba na tsaye, ƙafa ɗaya bisa ɗaya ƙasa, ya daɗe yana kallon kayana. Sannan ya ce, “Ranka ya daɗe, talabijin ɗin fa? Wa ya buɗe ta ya duba?”

Masu tocila sun dawo da tocilolinsu, kowa na cewa dama shi bai yarda da zancen ba. Na duba sukurorin, duk an buɗe su an leƙa. Yanzu ba na rufe hannun kowa sai a gabansa, in nuna masa ciki, in ce ya kalla da kyau. Ga shi kuma masu allon nan sun fara yawa, daga Tudun Wada har Doguwa ana kawo mini tsofaffin hannaye in haɗa, kuma labarin ya riga ni isa can. Mutum zai ajiye hannu, ya ajiye guntun silifa a gefe ya ce, “Baba, in da buƙata, ga tawa.”

Jan hannun yana nan yana aiki, in kun shigo za ku gan shi. Garba ma bai fasa zuwa ba. Kowace ranar kasuwa in ya sauke kwandonsa, sai ya ɗauki hannun ya kai hanci ya shinshina. In ya ji ƙarnin kifi ya san ban canza masa ƙulli ba, sannan ya zauna Ilu ya lallasa shi.

Kai kuma mai jar hula, akwai wani hannu a ƙasan buhu da na ajiye maka, sili biyar, duk launinsu ɗaya. Ka zo ka soka. Ka taho da silifarka.